Idan Yaro Ya Hango Abin da Babba Bai Gani Ba

A ranar Lahadi, 27 ga Maris, 1977, bam ya fashe a filin jirgin saman Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya. Aka rufe filin, aka karkatar da jiragen da ke shirin sauka zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeos a tsibirin Tenerife. Cikinsu har da manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Fili ya cika ya batse, jiragen da aka ajiye suka toshe hanyar da ake bi a isa bakin titin tashi. Da lokacin tafiya ya yi, sai aka umarci jiragen biyu su bi ta kan titin tashin shi kansa, KLM a gaba, Pan Am a biye. Ana cikin haka hazo ya sauko ya rufe ko'ina. Ma'aikacin hasumiya ba ya ganin jiragen, jiragen ba sa ganin juna, filin kuma ba shi da na'urar da ke nuna motsin jirage a ƙasa. Babu abin da ya rage wa kowa sai magana.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba ƙaramin matuƙi ba ne. Shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747 na kamfanin, hotonsa ne ma a tallan da kamfanin ke bugawa a mujallarsa. Mataimakinsa na wannan rana kuwa, shi kyaftin ɗin ne ya yi masa jarrabawar tuƙin irin wannan jirgi 'yan watanni kafin nan. Ga kuma lokaci yana ƙurewa, domin dokar Holan ta ƙayyade awannin da matuƙi zai yi a bakin aiki, kuma idan aka ƙara jinkiri, tafiya ta fasu ke nan, sai a nemi inda ɗaruruwan fasinjoji za su kwana.

Da suka kai ƙarshen titi suka juyo, kyaftin ya fara ba injina wuta. Mataimakinsa ya tuna masa cewa ba su karɓi izini ba tukuna. Ya sassauta, ya ce a nema. Hasumiya ta karanto musu hanyar da za su bi bayan sun tashi, wanda ba shi ne izinin tashin ba. Mataimaki bai gama maimaita saƙon ba kyaftin ya saki birki. A daidai wannan lokacin ma'aikacin hasumiya ya ce su dakata zai kira su, matuƙan Pan Am kuma suka ce su fa har yanzu suna kan titi. Maganganun biyu suka ci karo a rediyo, a ɗakin tuƙin KLM sai ƙara aka ji. Jirgi ya ɗauki gudu. Injiniyan jirgin, Willem Schreuder, wanda ke zaune a bayan matuƙan biyu, ya tsinci wani abu a rediyo da bai kwanta masa ba. Ya yi tambaya: shin jirgin Pan Am ɗin nan bai fita daga titi ba? Kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya fita. Injiniya bai sake cewa uffan ba. Daƙiƙu kaɗan bayan haka jiragen biyu suka yi karo. Mutum 583 suka rasu, duka 248 da ke cikin KLM da 335 daga Pan Am. Har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Masu bincike sun jero dalilai da dama: hazo, cunkoso, rediyo, kalmomi masu harshen damo. Bayan hatsarin aka gyara yadda matuƙa da hasumiya ke magana, aka keɓe kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashin ko soke shi. Duk wannan daidai ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, labarin da zai ceci mutum 583 yana cikin ɗakin tuƙin, a cikin kan mutum na uku a muƙami. Ya fito da shi a matsayin tambaya, aka ture tambayar, ya haɗiye sauran. Kuma waɗannan 'yan Holan ne, mutanen da aka sani da faɗar magana ba kwana-kwana. Kwarjinin babba ba ya neman fasfo.

Shekara ba ta cika biyu ba aka sake ganin irin wannan a Amurka, a tsanake, babu hazo babu gaggawa. Ranar 28 ga Disamba, 1978, jirgin kamfanin United mai lamba 173, ƙirar DC-8, ya tunkari birnin Portland da mutum 189. Da aka sauke tayoyi aka ji wata ƙara, fitilar da ke nuna taya ta zauna daram kuma ba ta kama ba. Kyaftin ya yanke shawarar su yi ta shawagi har a gano matsalar, a kuma shirya fasinjoji. Suka yi kusan awa guda suna kewaye. Hankalinsa duk ya tafi kan taya, mai kuwa yana ta raguwa. Mataimakinsa da injiniya sun lura, sun kuma ambaci mai fiye da sau ɗaya, amma a kaikaice, irin yadda ake gaya wa babba magana a bar masa ya gane da kansa. Babu wanda ya dube shi ya ce: kyaftin, idan ba mu sauka yanzu ba, man ba zai kai mu ba. Injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgi ya faɗa wata unguwa a gefen gari, mutum 10 suka rasu, har da injiniyan. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta ba da shawarar da a lokacin ta zama baƙuwa a kunne: a koya wa kyaftin-kyaftin yadda ake jagoranci tare da jawo na ƙasa cikin shawara, a koya wa na ƙasa yadda ake tsayawa kan magana.

A 1979 hukumar NASA ta tara masana halayyar ɗan Adam da jami'an kamfanonin jirage don duba wannan matsala. Abin da bincikensu ya nuna shi ne, yawancin hatsarin da ake ɗora wa kuskuren matuƙi ba rashin iya tuƙi ne ya jawo su ba. Matsalar tana wajen magana, da yanke shawara, da jagoranci. Daga nan aka haifi horon da ake kira CRM a taƙaice, wato koyon amfani da duk abin da ke hannun ma'aikatan jirgi, musamman kawunan mutanen da ke zaune kusa da kai. Kamfanin United ne ya fara cikakken shirin a 1981. Tsofaffin matuƙa da yawa sun yi masa kallon raini, suna ganin an zo a koya musu lallashi. Yau ya zama wajibi ga matuƙan jiragen fasinja a kusan ko'ina.

To me ake koyarwa? Ta ɓangaren na ƙasa, abin ba shi da sarƙaƙiya. Ka kira mutum da sunansa ko muƙaminsa don hankalinsa ya dawo kanka. Ka ce ka damu. Ka faɗi abin da ka gani ƙarara, da lamba idan akwai lamba. Ka kawo mafita. Sannan ka nemi amsa, kada ka bar maganar tana lilo. Tsakanin "man nan kamar yana ƙasa" da "kyaftin, na damu, man da ya rage na minti goma sha biyar ne, mu juya mu sauka yanzu, ka amince?" akwai tazarar rai da mutuwa. Na farko yana ba mai magana damar cewa ai na faɗa. Na biyu ne kaɗai ke tilasta wa mai sauraro ya tsaya ya yi tunani. Akwai kuma maimaita umarni: wanda aka ba saƙo ya maimaita shi da bakinsa, wanda ya bayar ya tabbatar haka ya ce. A wasu wuraren an ƙara da ƙa'idar cewa idan ka yi gargaɗi sau biyu ba a amsa maka ba, ka ɗauka mai tuƙin ba ya cikin hayyacinsa, ka karɓi ragama.

Sai dai nauyin ya fi yawa a wuyan shugaba, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Na ƙasa ba ya yin shiru don wauta. Lissafi yake yi: idan na yi magana na yi kuskure, na sha kunya, wataƙila in sha faɗa, idan na yi shiru, mai yiwuwa babu abin da zai faru. Shugaba ne kaɗai ke iya sauya wannan lissafi, kuma yana sauya shi ne tun kafin matsala ta taso. Wani mai bincike, Robert Ginnett, ya bi kyaftin-kyaftin yana kallon abin da suke yi a mintunan farko da suka haɗu da ma'aikatan da ba su taɓa aiki tare ba. Waɗanda abokan aikinsu suka shaida da iya jagoranci sun yi tarayya a wasu abubuwa. Sukan nuna sun san aikinsu, ta yadda za su tsara bayanin tafiya a natse. Sukan faɗa da bakinsu cewa su ma suna iya kuskure, don haka wanda ya ga wani abu ya yi magana. Sukan kuma jawo kowa ya ce wani abu tun a wannan zama na farko. Mutumin da ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a gaban shugaba, aka saurare shi, bakinsa ba zai yi nauyi ba a karo na biyu.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan. A 1994 hukumar binciken hatsari ta Amurka ta sake duba manyan hatsari 37 da suka faru tsakanin 1978 da 1990, waɗanda aikin matuƙa ke da hannu a ciki. A sama da kashi 80 cikin 100, kyaftin ne ke riƙe da tuƙi lokacin da abin ya faru, alhali a al'ada shi da mataimakinsa karɓa-karɓa suke yi. Dalilin bai ɓuya ba: idan ƙarami na tuƙi, babba ba ya jin nauyin gyara masa, amma idan babba ne ke tuƙi, mai gyara ya zama mai jin nauyi. Binciken ya kuma nuna kashi 73 cikin 100 na hatsarin da aka samu bayanansu sun faru ne a ranar farko da matuƙan suka fara aiki tare. Wani gwaji da NASA ta yi a na'urar kwaikwayon tuƙi ya ƙara fito da abin fili: matuƙan da suka gaji bayan kwanaki suna aiki tare sun fi waɗanda suka huta amma ba su saba da juna ba yin aiki mai kyau. Duk mai son wargaza ƙungiyar da ta saba da juna don kawai a yi sauyi, ya kamata ya san abin da yake zubarwa.

Za a ce, to idan kowa zai yi magana, ina shugabancin? Ai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Amsar tana cikin abin da ya faru ranar 19 ga Yuli, 1989. Jirgin United mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya taso daga Denver zuwa Shikago da mutum 296. Injin da ke jela ya tarwatse, ɓaraguzansa suka yanke dukkan bututu uku na man da ke motsa fukafukai da jela. Sitiyari ya zama hoto. Babu littafin da ya tanadi abin yi, domin masu ƙera jirgin sun ɗauka hakan ba zai taɓa faruwa ba. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa suka gano za su iya karkata jirgin ta hanyar ƙara wa injin fiffike ɗaya wuta su rage wa ɗayan. Cikin fasinjoji akwai Dennis Fitch, mai horar da matuƙan DC-10, ya aika cewa yana iya taimakawa. Haynes bai ce wane ne shi ba. Ya ce a shigo da shi, daga baya ya damƙa masa sandunan wutar injinan biyu. Suka yi sama da minti 40 mutum huɗu suna magana ba ƙaƙƙautawa, wannan ya kawo shawara, wancan ya gwada, Haynes yana tambaya yana yanke hukunci. Suka kai jirgin filin Sioux City, fiffike ya daki ƙasa, jirgi ya kama da wuta ya rabu. Mutum 112 suka rasu, 184 suka tsira daga abin da a lissafi bai kamata kowa ya tsira ba. Haynes ya sha faɗa a laccocinsa cewa su huɗun sun tara shekara 103 na gogewar tuƙi, amma babu wanda ya taɓa gwada irin wannan ko na minti ɗaya, don haka ba shi da dalilin ɗauka ya fi sauran ukun sanin mafita. Babu wanda ya yi shakkar wane ne kyaftin a wannan ɗaki. Hukunci nasa ne daga farko har ƙarshe. Abin da bai yi ba shi ne ɗauka cewa riƙe hukunci yana nufin riƙe dukkan sani.

Asibiti ya makara wajen koyon wannan darasi. A watan Maris na 2005, a Ingila, aka kai wata mata mai shekara 37, Elaine Bromiley, ɗakin tiyata don ƙaramin aiki a hanci. Bayan an sa ta barci aka kasa zura mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku, masu shekaru a bakin aiki, suka duƙufa suna ta gwada abu ɗaya, iskar da ke jininta tana ta faɗuwa, lokaci yana wucewa ba su ankara ba. Nas-nas ɗin da ke wurin sun gane halin da ake ciki. Ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta sanar cewa ga su nan, babu wanda ya tanka mata. Wata ta kira sashen kulawa ta musamman ta nemi gado, da ta faɗa aka yi mata kallon mai zuzuta abu. Matar ta rasu bayan kwana 13. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. Bai nemi a kori kowa ba. Ya nemi a yi bincike mai zaman kansa irin wanda ake yi bayan hatsarin jirgi, a kuma bayyana sakamakon don wasu su koya. A 2007 ya kafa ƙungiyar da ke yaɗa wannan ilimi a asibitocin Birtaniya.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar duba aikin tiyata mai abubuwa 19, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande. Ɗaya daga cikinsu shi ne, kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har zuwa Manila da Ifakara ta ƙasar Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Mu a nan an rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma ba na cikin masu ganin wannan aibi ne. Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma sau da yawa haka ne. Amma nas ɗin da ke tsaye kusa da na'ura tana ganin lambar da likitan da ya sunkuya kan maras lafiya ba ya gani, ba don ta fi shi ilimi ba, sai don inda take tsaye. Kuma ba sai mun je Amurka aron hanyar gyara wa shugaba cikin ladabi ba. Muna yin ta a sahun salla. Liman ya yi mantuwa, mamu ya ce Subhanallah, ko yaro ne ko dattijo. Liman ya sarƙe a karatu, na baya ya ɗora masa ayar. Kalmar a shirye take, kowa ya san ta, babu wanda ke ɗaukar ta a matsayin raini, liman kuma yana nan a limancinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame bayan raka'a biyu a wata sallar rana mai raka'a huɗu. Abubakar da Umar suna cikin sahu, kwarjini ya hana su magana. Wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ne ya tambaya ko an rage salla ne ko kuwa mantuwa aka yi. Manzon Allah ya juya ya tambayi sauran jama'a, suka tabbatar, ya cika sallar ya yi sujadar mantuwa. Abin tambaya shi ne me ya sa wannan tarbiyya ke tsayawa a ƙofar masallaci, ba ta bin mu zuwa ɗakin haihuwa, da ofis, da zaman kwamitin makaranta, inda shugaba kan fara faɗin ra'ayinsa sannan ya ce ko akwai mai magana. Wa zai yi magana bayan ranka ya daɗe ya riga ya nuna inda ya karkata? Shugaban da ke son jin gaskiya yakan fara tambayar mafi ƙanƙanta a ɗakin, da sunansa, ya ajiye nasa ra'ayin sai ƙarshe.

Takarda ita kaɗai ba ta yin wannan aiki. Lardin Ontario na ƙasar Kanada ya wajabta takardar tiyatar nan a asibitocinsa, amma binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani a mace-mace ba. Masana da dama sun danganta hakan da yadda aka saukar da ita daga sama ba tare da horar da ma'aikata tare ba, ta yadda ana iya cike gurabe a sa hannu alhali babu wanda ya ɗaga kai ya dubi ɗan'uwansa. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da ɗaya fuskar lamarin tun a shekarun 1990, lokacin da take nazarin kurakuran ba da magani a sassan jinya na wasu asibitoci biyu. Ta zaci sassan da suka fi kyakkyawan jagoranci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar su ne suka fi yawa. Da aka bi diddigi aka ga bambancin yana wajen bayar da rahoto: inda shugabar sashe ke karɓar labarin kuskure da tambayar yaya aka yi, nas-nas suna faɗa, inda kuma take karɓarsa da tsawa, suna binnewa. Don haka shugaban asibiti ko na makaranta ko na kamfani da ya buɗe littafin rahoton matsaloli ya tarar da shi fes wata da watanni, kada ya yi saurin murna. Ya kira mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya fara da na ƙasa, ya tambaye su abin da ya faru da mutumin ƙarshe da ya kawo masa labari maras daɗi.